Yadda Za Ka Tsara Karatu, Tafsiri Da Waƙoƙi A Jeri Don Kada Su Rikice Maka Ranar Taro

Mu da muke zaune a Kudu, memori shi ne rediyonmu. A Kano ko Kaduna mutum na murɗa rediyo zai ji Hausa daga asuba har dare. Amma a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Fatakwal, yawanci abin da ka loda a waya ko filash shi za ka ji. Direban tirela da zai taso daga Legas ya nufi Arewa, mai shayi da ke kwana a bakin titi, ɗan kwamitin masallaci da aka ɗora wa sa karatu kafin a sha ruwa, da mai kayan sauti a wurin walima, duk da memori suke aiki.

Matsalar ita ce yawancinmu lodi kawai muka iya, ba mu iya tsari ba. Na sha ganin waya mai sauti sama da dubu, amma in ka ce a nemo maka Suratul Kahfi sai an yi minti biyar ana laluben ta. Wani kuma ya kwana yana tsara jeri a laftof ɗinsa, ya tura a filash, ya je wurin taro, ya danna, shiru. Mafi muni shi ne a gama karatun Alƙur'ani a lasifikar masallaci, waƙar biki ta biyo baya, ko kuma muryar wani da ya turo saƙo kan kuɗin albasa. Duk wannan yana da magani, kuma maganin yana farawa ne da gane abu guda ɗaya.

Jeri takarda ce, ba kayan ba ne

Abin da manhajojin sauti suke rubutawa da Playlist, shi nake kira jeri. Mutane da yawa suna zaton in sun ajiye jeri, sun ajiye sautukan ke nan. Ba haka ba ne. Ka ɗauki misalin takardar webil da direba yake riƙewa in ya ɗauko hatsi daga Dawanau zai kawo Legas. Takardar ta lissafa buhu kaza na wake, buhu kaza na gero, na wane da na wane. Amma in motar ba ta iso ba, takardar ba za ta cika maka ko mudu ɗaya ba. To haka jeri yake. Abin da ke cikinsa sunayen fayil ne da adireshin inda kowanne yake zaune a kwamfuta. Shi ya sa jerin tafsirin wata guda bai kai nauyin hoto ɗaya ba, alhali tafsirin kansa yana cin gigabait.

In kana so ka gani da idonka, ka samu fayil ɗin jeri wanda sunansa ya ƙare da m3u, ka buɗe shi da Notepad. Rubutu ne zalla, layi bayan layi. Da zarar ka canja wa sauti suna, ko ka ɗauke shi daga foldarsa, ko ka kai jerin wata kwamfutar ba tare da sautukan ba, adireshin ya zama ƙarya. A nan ne VLC yake fito maka da saƙon nan na Your input can't be opened. Ba lalacewa manhajar ta yi ba. Ta je gidan da aka kwatanta mata ne ta tarar an tashi.

Don haka ƙa'idar ita ce: a fara tsara fayil, sannan a haɗa jeri. Wanda ya juya wannan, aiki biyu zai yi.

Mataki na farko: folda da suna

Ka buɗe babbar folda guda ɗaya, ka sa mata suna, a ce Sauti. A cikinta ka raba: Alƙur'ani daban, Tafsiri daban, Wa'azi daban, Waƙoƙi daban, Littattafan saurare daban. Kowane makaranci ko malami ko mawaƙi da foldarsa. Karatun Husari kada ya haɗu da na Minshawi. Tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a raba shi shekara shekara, haka na marigayi Sheikh Abubakar Gumi ko na marigayi Sheikh Nasiru Kabara. Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge su zauna can nasu ɓangaren.

Sai batun suna. Sautin da aka turo maka ta WhatsApp yana zuwa ne da suna irin AUD-20240315-WA0012. Wannan kwanan wata ne da lamba, ba ya gaya maka komai game da abin da ke ciki. Ranar da ya shigo, ka saurara, ka canja masa suna tun kana tune da shi. In ka bari ya yi wata uku, sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya kafin ka gane wane ne wane.

Lamba kuma a sa ta a farkon suna, da sifili a gabanta. Dalili shi ne na'urori da yawa harafi harafi suke bi, ba lissafi suke yi ba. In ka rubuta 1, 2, 3 har zuwa 30, za su jera maka 1, 10, 11, 12 har 19, sannan 2 ya zo. Ka ga mai sauraren tafsiri ya tsallake daga rana ta ɗaya zuwa ta goma ke nan bai sani ba. Ga tafsirin azumi lamba biyu ta isa: 01, 02, har 30. Ga surorin Alƙur'ani, da yake 114 ne, sai lamba uku: 001 Fatiha, 002 Baqara, 018 Kahfi, har 114 Nasi.

Shawarata kuma, a sunan fayil ka yi amfani da haruffa na yau da kullum, ban da masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, ban da rubutun Larabci. Kwamfuta da waya suna karanta su lafiya lau, amma allon rediyon mota da na ƙananan sifikoki sau da yawa wasu alamomi marasa ma'ana yake nunawa a madadinsu.

Sunan da ke ɓoye a cikin fayil

Akwai wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. Ka canja wa fayil suna tsaf, amma in ka kunna sai manhaja ta nuna wani suna daban, wani lokacin ma sunan shafin da aka sauko da shi ko lambar wayar mai turi. Abin da ya sa, a cikin fayil ɗin MP3 akwai wani ɗan wuri da ake kira ID3, inda ake rubuta taken sauti, sunan mai shi, sunan kundi da lambarsa a jeri. Manhajoji da yawa wannan suke dubawa kafin sunan fayil.

A VLC na kwamfuta, ka kunna sautin, ka danna Ctrl da I tare, za ka ga wuraren, ka gyara, ka danna Save Metadata. In fayilolin suna da yawa, akwai manhajar Mp3tag ta Windows, kyauta ce, tana gyara ɗari a lokaci guda.

Wannan ba kwalliya ba ce kawai, amana ce. Wa'azi yana yawo daga waya zuwa waya ta Xender da bulutut, kowa da sunan da zai liƙa masa. In ka rubuta sunan wani malami a kan maganar da ba tasa ba, ka tura wa mutum goma, su ma suka tura, ka jingina masa abin da bai faɗa ba, kuma ba ka da hanyar janyewa. Wanda ba ka tabbatar da mai shi ba, ka bar wurin sunan babu komai.

Mataki na biyu: loda sauti a VLC

Na zaɓi VLC ne saboda kyauta ne, babu talla a ciki, kuma yana kunna kusan kowane irin sauti: MP3, M4A, WAV, har da opus na WhatsApp. Ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniya a Faransa a 1996, aka sake shi ga kowa da kowa a 2001, kuma ƙungiyar VideoLAN ce take kula da shi har yau. Yana nan a Windows, a Android, a iPhone.

A kwamfuta, bayan ka buɗe shi, ka danna Ctrl da L, allon jeri zai bayyana. Hanyoyin zuba sauti uku ne. In folda guda kake so gaba ɗaya, Ctrl da F, ka zaɓi foldar. In tsinto za ka yi daga wurare daban daban, ka shiga Media, ka zaɓi Open Multiple Files, ka yi ta danna Add. Ko kuma ka buɗe foldar a gefe, ka jawo fayilolin da linzami ka sake su a cikin allon jerin.

Ga inda ake yin ɓarna ana tsakiyar taro. Karatu yana tafiya, wani ya zo ya ce a ƙara kaza, sai mai kula da sauti ya je folda ya danna fayil ɗin sau biyu. Nan take abin da ke tafiya ya yanke, sabon ya hau. Abin da ya kamata shi ne ka danna fayil ɗin da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Add to VLC media player's Playlist. Zai je ya bi layi a ƙasa, ba zai katse kowa ba. In ta Open Multiple Files ka bi, akwai ɗan kibiya kusa da Play, ka danna shi ka zaɓi Enqueue, aikinsu ɗaya.

Bayan sun shiga, kana iya kama kowanne ka ja shi sama ko ƙasa. Wanda ba ka so, ka zaɓe shi ka danna Delete. A kwamfuta wannan daga jeri kawai yake cire shi, fayil ɗin yana nan a foldarsa. Harafin N yana kai ka na gaba, P yana dawo da kai na baya, dogon madannin nan na ƙasa yana tsayarwa yana ci gaba. Ka kula da kan layukan da aka rubuta Title da Duration: in ka danna su, jerin zai sake tsara kansa, tsarin da ka yi da hannu ya wargaje.

Maɓallai biyu da za ka duba kullum

A ƙasan VLC akwai maɓalli mai kibiyoyi biyu da suka gitta juna. Wannan shi ne na gauraya, wato ya riƙa tsinto sauti ba bisa tsari ba. Ga mai shago da ke jin waƙa, abu ne mai kyau. Ga karatu da tafsiri, masifa ce. Harafin R ne yake kunna shi, kuma hannu na iya taɓa shi ba ka sani ba. Kusa da shi akwai na maimaitawa, mai matsayi uku: a kashe, maimaita jerin duka, ko maimaita guda ɗaya. Na ƙarshen yana da amfani ga mai hadda, ya sa sura ɗaya ta yi ta zagayowa.

Akwai kuma wani saiti da masu walima da taron Islamiyya za su ji daɗinsa. Ka shiga Tools, sai Preferences, a ƙasa ka zaɓi All, ka nemi Playlist, ka sa alama a Play and stop. Daga nan duk sautin da ya ƙare, VLC zai tsaya cak sai ka ba shi umarni. Mai gabatarwa ya yi maganarsa a natse, babu abin da zai faɗo masa a ka.

Mataki na uku: ajiye jerin yadda zai yi tafiya

VLC ba ya riƙe jeri da kansa. Kana rufe shi, ko wuta ta ɗauke batirin laftof ya mutu, aikin ya tafi. Don haka kana gama tsarawa ka danna Ctrl da Y ka ajiye. Zai ba ka zaɓi. XSPF ba kowace manhaja ke gane shi ba. M3U ya fi karɓuwa a ko'ina. M3U8 ɗan uwansa ne, shi ne wanda ba ya rikita haruffa masu lanƙwasa da na Larabci. Ni dai M3U8 nake zaɓa.

In jerin na fita ne, ga yadda nake yi. Ina buɗe sabuwar folda da sunan taron, in kwafo duk sautukan da za a buƙata in zuba a ciki, in sa musu lamba bisa yadda za su zo, in haɗa jerin daga wannan foldar, in ajiye shi a cikinta. Sannan in buɗe shi da Notepad in duba. In sunayen fayil kawai na gani, lafiya. In na ga wani layi ya fara da dogon adireshi mai C ko E a gaba, to wannan yana nuni ne zuwa wani wuri a wajen foldar, sai a gyara shi. Dalili kuwa, filash ɗin da kwamfutarka ta kira E, ta maƙwabcinka tana iya kiransa F ko G, adireshin ya ɓace ke nan. Daga nan foldar gaba ɗaya ake kwafewa zuwa filash, takarda da kaya a mota ɗaya.

A waya fa?

Manhajar sauti ta waya tana kwaso duk abin da ta gani: waƙa, karatu, sautukan WhatsApp, abin da ka naɗa da kanka, har da kiran waya in wayarka tana naɗa. Shi ya sa ba a haɗa waya da lasifika a danna kunna duka. A VLC na Android, ka shiga Settings, ka nemi Media library folders, ka cire alama daga ko'ina sai foldar Sauti da ka tsara. Wata dabarar kuma, in ka ajiye fayil marar komai mai suna .nomedia a cikin wata folda, manhajojin sauti za su daina kwaso abin da ke cikinta.

Don haɗa jeri, ka danna ɗigo ukun da ke gefen sauti, ka zaɓi Add to playlist, ka ba shi suna. Amma ka sani, jerin waya a cikin manhajar yake zaune. In ka goge manhajar ko ka canja waya, jerin ya tafi, folda mai lamba ce kawai za ta cece ka. Kuma a waya Delete ba wasa ba ne. In ka danna shi a kan sauti a babban lissafi, fayil ɗin kansa zai goge. Ka karanta abin da ya tambaye ka kafin ka amsa.

Kafin ka haɗa waya da amfilifaya, ka sa ta a yanayin jirgin sama. In da bulutut za ka haɗa, kana iya sake kunna shi kaɗai. Ba ka son kiran gida ya shigo jama'a na ji.

Rediyon mota da ƙananan sifikoki

Waɗannan yawancinsu ba su san wani jeri ba, fayil kawai suke bi. Abu uku za ka kiyaye. Na ɗaya, da yawansu MP3 kaɗai suke ganewa. In sautinka opus ne ko M4A, sai ka juya shi: a VLC ka danna Ctrl da R, ka sa fayil ɗin, ka zaɓi Audio - MP3, ka nuna inda zai sauka, ka danna Start. Goge opus a ƙarshen suna ka rubuta mp3 ba ya juya komai, kamar ka rubuta shinkafa ne a kan buhun masara.

Na biyu, memori mai gigabait 32 zuwa ƙasa yana zuwa ne da tsarin FAT32, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa. Mai 64 zuwa sama yana zuwa da exFAT, kuma tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa ganin sa sam. Direba gara ya riƙe ƙanana biyu, ɗaya na karatu ɗaya na waƙa, da babba guda da rediyo zai ƙi.

Na uku, wasu na'urorin ba suna suke bi ba, suna bin wanda ya riga shiga memorin ne. In ka ga lambobinka daidai amma tsarin ya ƙi, ka kwashe komai, ka sake zubawa kaɗan kaɗan daga 01 zuwa ƙarshe, ka gwada.

Lissafin wuri

MP3 mai ƙarfin 128 yana cin kusan megabait ɗaya a minti, wato kamar 58 a awa. Magana zalla irin tafsiri ba ta buƙatar haka, 64 ya wadatar, kusan megabait 29 a awa. In malam yana awa biyu kullum har kwana 30, awa 60 ke nan: gigabait 1.7 a ƙarfin 64, ko 3.5 a 128. Amma in a WAV aka naɗa da inganci irin na faifan CD, minti ɗaya yana cin wajen megabait 10, awa 60 ta kai gigabait 38. Masu naɗar karatu a masallatanmu su duba saitin na'urarsu tun kafin azumi ya kama.

Ka kuma yi hattara da memorin jabu, wanda aka rubuta 64 a jikinsa alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai nuna ya karɓi kaya, sai ka zo kunnawa ka tarar rabi sun lalace. In ka sayi sabo, ka cika shi, ka cire, ka mayar, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ka yarda da shi.

Ƙarar sauti

Sautukan da aka tattaro daga wurare daban daban ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tsohon kaset da aka juya yana fita a hankali, ka ƙure murya don a ji, na gaba ya shigo kamar aradu. A nan Kudu muna zaune ne bango da bango da mutanen da ba yarenmu ɗaya ba, wasu ba addininmu ɗaya ba, kuma a Legas hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, ta sha rufe wuraren ibada da na shagali saboda ƙara. Manhajar Audacity, ita ma kyauta, tana da Normalize da ke daidaita wannan. In ba ka da lokaci, aƙalla ka saurari farkon kowane sauti a kan lasifikar da za a yi aiki da ita, ka san wanda za ka rage wa murya.

Daren jajibirin taro

Ka kwafi foldar a wuri biyu, filash da waya. Ka cire filash ta hanyar Eject, kada ka fizge. Ka gwada shi a kan wata kwamfutar da ba taka ba, domin a nan ne adireshin ƙarya yake tona kansa. Ka duba maɓallin gauraya a kashe yake. Ka duba tsawon jerin ya yi daidai da lokacin da aka ba ka. Sannan abin da ba na taron ba, kada ya shiga foldar ko da guda ɗaya ne, domin abin da babu shi a ciki ba zai taɓa fita a lasifika ba.

Wanda ya gwada ya ga wani wuri ya ƙi, ya fara buɗe jerin da Notepad tukuna, yawanci amsar tana nan a rubuce. Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa mu ji alheri mu jiyar da alheri.